Layin Waya Ɗaya, Tsakanin Mama da Kwamfuta

Ni dai ban nemi aikin gwaji ba. Buga takardu aka ɗauke ni yi, a wani ɗan ofis na ƙungiyar da ke raba maganin makantar bakin kogi a ƙauyuka, 'yan shekaru bayan an ba mu jiha. Gidan haya ne a Mayo Gwoi, ɗakuna uku da baranda, babban ofishinmu kuma yana Jos. Duk ƙarshen wata sai in tattara rahoton ƙauyukan da aka kai wa magani, in buga a kwamfuta, in kwafe a ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da muke kira disket, in ƙunshe a leda, in kai tasha in damƙa wa direba. Wani lokaci ya isa lafiya. Wani lokaci direba ya yar da shi a gaban mota rana ta gasa shi, a Jos su sa a kwamfuta ta ce ita ba ta san zancen ba, sai in sake komawa tasha.

Don a raba ni da tasha aka turo mana Injiniya. Wani siririn mutum ne daga Jos, mai tabarau, wanda ba ya iya zama a kujera ba tare da yana karkaɗa ƙafa ba. Abin da ya kawo mana, shi ya rubuta shi da hannunsa. Yanzu na ji yara suna cewa manhaja, mu a lokacin furogiram muke cewa. Aikinsa shi ne kwamfutata ta kira kwamfutar Jos ta wayar tarho, ta miƙa mata fayil, ta karɓo nata. Ya zo da wani ɗan akwati mai fitilu ja, ya ce sunansa modem, ya zare igiyar bango daga jikin tarho ya cusa a bayansa, sannan ya haɗa tarhon da akwatin. Wuni guda muka yi ana girka furogiram ɗin. A sa disket na farko, na biyu, a zo tsakiya a ɗauke wuta. A ta da janareta, a koma farko. Da aka gama, ya danna wani abu, akwatin ya buga lamba da kansa, ya saki wata ƙara kamar ana yanka kwanon rufi da zarto. Oganmu da ke ɗakinsa ya fito a guje yana salati.

Ranar da zai koma, Injiniya ya ce mini, "Madam, ke ce idona a nan. An ce layin Jalingo ya fi na ko'ina taurin kai, in ya yi aiki a nan zai yi a ko'ina. Duk abin da ya yi miki, babba ko ƙarami, ki gaya mini. Kar ki ji kunya."

Na ce, "Injiniya, ka yi sa'a. Irin wannan kunyar ba a haife ni da ita ba."

Abin da bai lura da shi ba, ko ya lura bai ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne bencin da ke barandarmu. A lokacin gidajen da ke da tarho a garin nan ba su da yawa, kuma wanda yake da shi bai isa ya ce nasa ne shi kaɗai ba. Lambarmu ta zaga unguwa. Mai ɗa a makaranta a Zariya, mai miji a Legas, mai jiran labarin haihuwa daga Yola, duk tamu suke bayarwa. A bugo a ce a kira wance, a kashe, mu aika a kira ta, ta zo ta zauna a benci har a sake bugowa. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Oga kansa yakan yi gunaguni, amma in tsoho ya yi sallama shi ke fara cewa a ba shi wuri.

A cikin masu bencin akwai Mama. 'Yar Mumuye ce, tana zaune a Abbare, doya take sayarwa. Ɗanta soja ne, an kwashe su zuwa Laberiya, kuma tun tafiyarsa ba ta ji muryarsa ba. Direban ofishinmu maƙwabcinta ne, shi ya ba ta lambar, ita kuma ta ba wani soja da ya zo hutu ya kai. Bayan watanni saƙo ya dawo ta bakin wani, cewa zai bugo da safe, duk ranar da layin jira ya zo kansa a wayar da manyansu ke bari a taɓa. Wace rana ce, shi ma bai sani ba. Da Mama ta ji haka sai ta ɗauke tirenta daga kasuwa ta dawo ƙofar ofishinmu, ta kafa murhun gashin doya a gindin bishiyar mangwaro. Ciniki a wurinmu bai kai rabin na kasuwa ba, amma ba ta damu ba. Da tarho ya yi ƙara za ta ajiye wuƙa ta miƙe, ta goge hannu da zani, ta tsaya a taga tana kallon bakina. In na girgiza kai, ta koma ta zauna. Ina jin nauyin girgiza kan nan har cikin raina, kuma kullum sai na yi shi.

Gwaji kuwa ya sha mini kai. Duk Juma'a da safe Injiniya zai bugo ya ce, "Madam, yaya mutumin namu?" Ni kuma in kwance masa buhu. In ce masa fayil ya tafi har ya kusa ƙarewa, layi ya tsinke, furogiram ya koma farko kamar ba a yi komai ba. In ce masa in hadari ya haɗo ko sallama ba sa yi da na Jos, sai ihu. Akwai ranar da ya tafi lafiya, muka yi murna, aka buɗe a can aka tarar da sunayen ƙauyukan bakin kogi sun koma wasu zane-zane da ba mai iya karantawa. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da ya ɗauko tsohon rahoto daga Jos ya ɗora a kan sabon da na kwana biyu ina bugawa, ya shafe shi tas, sannan ya rubuto mini a fuskar kwamfuta wai an yi nasara. Ranar na gaya wa Injiniya maganar da ba zan maimaita a nan ba. Ya saurara, ina jin ƙarar bironsa, ya ce, "Yauwa, irin wannan nake so. Ci gaba." Mutumin da ba ya fushi in ana masa faɗa, gajiyar da mutum yake yi.

Kuma duk gyaran da ya yi, a disket yake aiko shi, ta hannun direban tasha. Furogiram ɗin da aka yi don a huta da direba, direba ke kawo masa magani. Na je tasha a watannin nan fiye da yadda nake zuwa kafin a kawo mana ci gaba. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Wata safiya ina zaune ina kallon fayil yana rarrafe, Mama ta leƙo ta taga. Ta daɗe tana kallon fitilun akwatin, sannan ta ce, "Yarinya na, in wannan abu yana cikin waya, yaro na zai iya shiga?"

Na ce, "A'a, Mama. Sai ya gama."

"Yana daɗe?"

"Wani lokaci yakan daɗe."

Ta ce, "To," ta koma gindin mangwaro. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Daga ranar na mayar da aikawa bayan azahar, lokacin da ta kashe wuta ta tafi. Amma da rana layin Jos ya fi cushewa, sai in buga in buga har yatsana ya gaji, ga zafi, ga fanka tana juya iska mai ɗumi, ga Oga yana leƙowa yana tambaya ko ya tafi.

Juma'ar da ta biyo na gaya wa Injiniya zancen Mama daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Allah sarki. Amma Madam, wannan ai ba matsalar furogiram ba ce."

Na ce, "Kai ka ce babba ko ƙarami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ya ce to mu nemi layi na biyu. Na kai wa Oga shawarar, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan ɗayan ma sai da ya kusa tsufa a ofishin masu tarho kafin a ja mana shi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Sabon disket ya iso, Injiniya ya bugo muryarsa cike da murna, wai ya share mini hawaye. Daga yanzu ba ni zan riƙa kira ba. Jos ce za ta bugo, akwatin ya ɗauka da kansa a ƙara ta biyu, su kwashi abin da suke so, su ajiye mini nasu, ni ko kujera ba sai na motsa ba. Abin da ake so kawai in bar kwamfuta da modem a kunne tun safe, domin su ma sai sun yi ta bugawa kafin su samu Jalingo, ba su san sa'ar da za su dace ba.

Na ce, "In mutum ne ya bugo fa?"

Ya ce, "Zai ji ƙara, ya gane, ya sake bugowa an jima."

"Wanda ya bi layi wata da watanni kafin ya taɓa waya, shi ma ya sake bugowa an jima?"

Ya ce zai duba ko akwai yadda akwatin zai bambanta mutum da kwamfuta, amma gaskiya bai san hanyar ba tukuna. Na yarda da shi, domin bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Oga ya tara mu ya ce tarho na ƙungiya ne, umarni kuma daga sama ya zo, a gaya wa mutanen unguwa su riƙa zuwa da yamma. Mutane suka bi, ban da Mama, don ita ba ta da yadda za ta aika wa ɗanta ya canja lokaci. Kwana biyu da fara dokar uwargidan Oga ta bugo daga gida, akwatin ya yi mata ihu a kunne, ta zo ofis da kanta ta tambaye shi wace ce wannan da ta ɗauki waya ta ƙi magana. Mun sha dariya a ɓoye, amma doka ba ta canja ba.

Ni kuwa na yi abin da na ga zan iya. In na ga hayaƙin Mama ya tashi, sai in miƙa hannu bayan akwatin in kashe shi, in ta tafi in kunna. Jos suka fara ƙorafi wai Jalingo ba ta amsawa, sai dai wata mata ta ɗauka ta ce salamu alaikum. Injiniya ya bugo a ruɗe, yana lissafa mini abubuwan da yake zargi, ko igiya, ko wuta, ko wani kuskure a rubutunsa. Ban bar shi ya wahala ba. Na ce, "Kar ka ɓata lokacinka. Furogiram ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ni ce nake kashewa, kuma gobe ma zan kashe. In kana rubutawa ka rubuta haka." Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Na gaji da shi, shi ma na san ya gaji da ni, amma ba wanda ya ajiye waya.

Ƙarshenta manyan Jos suka sa ranar gwajin ƙarshe, wanda za su zauna su gani da idonsu kafin a raba furogiram ɗin ga sauran ofisoshi. Injiniya ya taho Jalingo da kansa don ya tsare akwatin, wato ya tsare shi daga hannuna. Ya iso a gajiye, hanya ta karya masa jiki, ya rame fiye da da. Da safe an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, Mama tana fama da jiƙaƙƙen gawayi. Kafin ya shiga ofis ya nufi gindin mangwaro, ya rusuna ya gaishe ta, abin da ban zata ba.

Ya ce, "Mama, ni ne mai abin nan da ke damun ku. Yau kaɗai nake roƙo, daga yanzu zuwa azahar. In an gama zan zauna in nemi dabara."

Ta ce, "Ba komai, ɗa na. Aikin ku ne. Allah ya taimaka."

Muka shiga. Oga ya sa babbar riga kamar manyan Jos za su gan shi ta cikin igiya. Injiniya ya kunna akwatin, ya murɗa ƙararsa har ƙarshe don ya ji yadda za su gaisa da na Jos. Ni na zauna na harɗe hannu, tunda an ce kar in taɓa komai. Muka yi ta jira. Oga ya duba agogo, ya fita, ya dawo. Hayaƙin doya yana shigowa ta taga.

Tarho ya yi ƙara. Mama ta miƙe yadda ta saba. A ƙara ta biyu akwatin ya ɗauka, fitila ta kama, ya fara zartonsa. Injiniya ya ɗaga yatsa yana jiran na Jos ya amsa. Sai muka ji murya. Daga cikin ɗan akwatin take fitowa, ƙarama, daga nesa, tana nutsewa tana tasowa a ƙarƙashin ihun.

"Halo? Halo? Jalingo ne? Don Allah mamana, mai doya..."

Sai ya juya harshe zuwa yarensu, ya yi kira da ƙarfi. Mama ta saki wuƙa. Ban san tsohuwa na iya gudu haka ba. Na wawuri kan tarho na kai kunne, shiru, domin in akwatin ya kama layi yanke tarhon yake yi. Na daka wa Injiniya tsawa na ce ya kashe. Ya zabura, gwiwarsa ta bugi tebur, tabarau ya faɗi, yana laluben bayan akwatin da shi ya kawo shi amma ya rasa inda makunnin yake. Ni na san wurin ko ido rufe, sai dai tebur na tsakaninmu. Muryar ta sake cewa halo, ta yi tari, ta ce wani abu da wani a gefensa. Kafin fitilun su mutu ɗan Mama ya riga ya ajiye. Abin da na ji a kunnena ƙugin layi ne kawai.

Mama ta karɓi kan tarhon daga hannuna ta riƙe da hannu biyu. Ta yi magana a ciki da yarensu, ta saurara, ta sake yi. Ba wanda ya iya ce mata babu kowa. Da kanta ta gane, ta miƙo mini, na mayar.

Oga ya ce, "Zai sake bugowa. In sha Allahu zai sake." Ya jawo kujerarsa ta ofis, wadda ba mai zama a kai sai shi, ya ajiye mata a gaban tarho.

Ba a jima ba tarho ya sake ƙara. Mama ta riga kowa ɗauka. Na ga fuskarta ta buɗe, sannan ta rufe. Ta miƙa wa Injiniya. Jos ce, suna tambayar me ya sa mutum ya ɗauka alhali manya na zaune suna jira. Ban taɓa jin Injiniya ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce musu gwaji ya faɗi, laifin furogiram ne, kuma kar wanda ya sake bugo lambar nan yau. Ya ajiye, ya zare igiyar daga bayan akwatin, ya mayar da tarho bango kai tsaye kamar yadda ya same shi ranar farko.

Muka zauna. Azahar ta yi, muka yi salla ɗaya bayan ɗaya don kar a bar wurin ba kowa. Doyar da ke kan wuta ta ƙone, direban ofis ya fita ya sauke. Masu jiran wayar yamma suka fara zuwa, suka ji abin da ya faru, suka zauna a benci, ba wanda ya ce a ba shi wuri. Tarho ya yi ƙara sau ɗaya ko biyu, duk ba shi ba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan yi wa faɗa. Injiniya yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, ƙafar nan da ba ta hutawa ta tsaya cak.

Da la'asar ta yi sanyi Mama ta tashi ta gyara ɗaurin zaninta. Ta tsaya a gaban akwatin tana kallonsa, sannan ta juya wurin Injiniya.

"Ɗa na, wannan abu naka, an ce yana ɗauko takarda daga Jos ya ajiye a ciki."

Ya ce, "Haka ne, Mama."

"Maganan yaro na fa? Ya ajiye?"

Ya ce, "A'a, Mama. Bai ajiye ba."

Ta gyaɗa kai. Na raka ta har gindin mangwaro, na taya ta ɗora tire. Ina neman abin da zan faɗa, sai na ce, "Ko ba komai kin ji shi, Mama. Yana nan da ransa."

Ta ce, "Na ji shi." Ta gyara tiren a ka, ta ɗan tsaya. "Amma kin ji tari? Yana mura. Shi ba ya sa riga in ba an gaya masa ba."